Ruwan randa, zoɓo ko kunun kanwa: zaɓin mai fama da rikicewar bugun zuciya a Bauchi

Shawarar da ta fi yawa a bakin jama'a idan zafin Maris da Afrilu ya kankama a Bauchi ita ce a yawaita shan ruwa, kuma ga akasarin mutane babu laifi a cikinta. Amma ga wanda likita ya shaida wa cewa bugun zuciyarsa ya daina tafiya bisa tsari, shawarar tana iya zama magani, tana kuma iya zama sanadin kwanciyarsa a gadon asibiti, gwargwadon ƙarfin da ya rage wa zuciyar da kuma irin ƙwayoyin da aka ɗora shi a kansu. Mutum biyu za su iya fitowa daga wurin likitan zuciya ɗaya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, da sunan ciwo iri ɗaya a katinsu, amma abin da ya kamata na farko ya ƙara shi ne na biyu zai rage. Saboda haka kafin a kwatanta ruwan randa da zoɓo, ko miyar kuka da kwaɗon zogale, dole ne mutum ya fara sanin a wane ɓangare yake.

Nau'in rikicewar bugun da aka fi gani a manya shi ne wanda likitoci ke taƙaita sunansa da AF. Zuciya tana da ɗakuna huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa, kuma a wannan ciwo ɗakunan saman ne suke daina matsewa yadda ya kamata, su koma karkarwa kawai, sai bugun ya riƙa zuwa babu ƙa'ida, wani lokaci ya haura 100 a minti guda alhali mutum yana zaune. Marasa lafiya sukan ce gabansu ne yake faɗuwa babu dalili, ko zuciyarsu tana tsalle, wasu kuma ba sa jin komai sai gwajin ECG, mai zana tsarin bugun zuciya, ya nuna. Haɗarin da ya fi girma shi ne jinin da ya jima a ɗakin da ba ya matsewa yana iya daskarewa ya zama guda, gudan ya bi jijiya zuwa ƙwaƙwalwa ya haddasa shanyewar ɓarin jiki, kuma an ƙiyasta cewa ciwon yana ninka wannan haɗari kusan sau 5. Wannan ne dalilin ba da maganin tsinka jini, kuma ta nan ne zancen miya ya shigo cikin maganar zuciya.

Shi kuwa ruwa ya shigo ne ta ƙofar gishirin jiki. Bugun zuciya yana tafiya ne da ɗan lantarkin da sinadaran fotasiyam, magnesiyam da sodiyam ke samarwa a cikin tsokarta. Idan mutum ya yi gumi sosai, ko ya yi amai da gudawa, ko yana shan maganin sa fitsari irin su Lasix, ruwan jikinsa yana raguwa, zuciya ta ƙara sauri domin jinin da ya rage ya zagaya, fotasiyam da magnesiyam kuma su zube. Zuciyar da dama can tana da saurin rikicewa ba ta buƙatar abin da ya wuce haka kafin ta sake kauce wa tsari. Ga mai shan digoxin, wani maganin rage saurin bugun zuciya, lamarin ya fi tsanani, domin ƙarancin fotasiyam da bushewar jiki suna sa maganin ya koma guba, a ga tashin zuciya da amai da rashin son abinci, wani lokaci har mutum ya riƙa ganin abubuwa rawaya-rawaya.

Ɓangare na farko su ne waɗanda bugun ne kawai ya rikice, amma tsokar zuciya tana nan da ƙarfinta, ƙoda tana aiki lafiya, ƙafa ba ta kumbura, kuma suna iya miƙewa a shimfiɗa su yi barci babu haki. Abin tsoronsu bushewar jiki ce. Ɓangare na biyu su ne waɗanda zuciyar ta yi rauni, ƙafa da ciki suna kumbura, ba sa iya barci sai sun tara matashin kai biyu ko uku, kuma ɗan hawan bene ya ishe su haki. Abin tsoronsu taruwar ruwa ce, musamman a huhu. A ƙasarmu wannan ɓangare na biyu ba ƙarami ba ne, saboda hawan jinin da aka daɗe ba a kula da shi ba, da lalacewar bawul ɗin zuciya, wato 'yan ƙofofin da ke hana jini komawa baya, sakamakon ciwon maƙogwaron yarinta da ba a yi wa magani ba, da kuma raunin zuciyar da ke kama wasu mata bayan haihuwa.

A cikin dukan abin sha, tsuran ruwa ne ya fi sauƙin sha'ani, domin ba shi da sukari, ba shi da gishiri, ba ya kuma karo da kowane magani. Ma'auni mafi sauƙi a gare mu shi ne ruwan leda, tunda kowace leda rabin lita ce. Mai ƙarfin zuciya yakan buƙaci leda 4 zuwa 6 a yini lokacin zafi, fiye da haka idan aikinsa a rana ne, kuma launin fitsarinsa ya fi kowace ƙididdiga gaya masa gaskiya: idan ya yi duhu kamar shayi, jiki ya bushe. Mai raunin zuciya kuwa, idan likita ya ƙayyade masa, yawanci tsakanin lita 1.5 zuwa 2 ne, wato leda 3 zuwa 4, kuma a cikin wannan lissafin ake saka kunu da shayi da fura da romo, har da kankana wadda sama da kashi 90 cikin 100 nata ruwa ne. Ba kowane mai raunin zuciya ake ƙayyade wa ruwa ba, don haka kada wani ya ɗora wa kansa ƙishirwa saboda ya ji an hana maƙwabcinsa. Abin da ya wajaba a kansa shi ne hawa sikeli kowace safiya, domin ƙaruwar nauyi da ta haura kilo 2 cikin kwana 3 alama ce ta taruwar ruwa. A nan 'yan uwa sukan yi kuskure da kyakkyawar niyya, ana ta cewa "Baba, ka daure ka ƙara ko kofi ɗaya ne," ga dattijon da ƙafarsa ta riga ta fi ƙarfin takalminsa. Lokacin hunturu kuma matsalar akasin haka ce, iska tana busar da jiki amma ƙishirwa ba ta tashi, sai mutum ya yini da abin da bai kai leda biyu ba.

Tsakanin ruwan randa da na ƙanƙara, ni na randa nake zaɓa wa mai wannan ciwo. An rubuta labarin marasa lafiya da dama waɗanda bugunsu ke rikicewa nan take bayan sun kwankwaɗi abu mai tsananin sanyi, saboda maƙogwaron abinci yana wucewa ne daf da bayan ɗakin zuciya na sama na hagu, kuma sanyin yana taɓa jijiyar da ke sarrafa saurin bugun. Ba kowa ne hakan ke faruwa da shi ba, amma wanda ya lura da shi a jikinsa ya riga ya sami amsa.

Ruwan gishiri da sukari na ORS ya fi tsuran ruwa a wuri guda kawai, wato lokacin amai da gudawa ko gumin da ya wuce kima. Ledar da ake narkawa a lita guda tana da sodiyam kimanin giram 1.7 da fotasiyam kimanin giram 0.8, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada baligi ya wuce giram 2 na sodiyam a yini, wanda ya yi daidai da giram 5 na gishiri, kusan cokalin shayi guda. Ke nan lita guda ta ORS ta kusa cinye rabon yini gaba ɗaya. Ga mai gudawa rahama ce, ga mai kumburin ƙafa da ya mayar da shi abin sha na kullum don wai ya sami ƙarfi, nauyi ne yake ɗora wa zuciyarsa. Mai raunin zuciya da gudawa ta kama ya kamata ya nemi likita a ranar, domin sau da yawa sai an dakatar da maganin sa fitsarin na ɗan lokaci.

Zoɓo yana tsakiya. Bincike ya nuna cewa yana ɗan sauke hawan jini kuma yana ɗan sa fitsari, abin da ba laifi ba ne ga mai hawan jini idan kofi guda ne, amma wanda yake shan maganin hawan jini biyu ko uku tare da Lasix zai iya jin jiri idan ya miƙe bayan ya sha da yawa a cikin zafi. Aibinsa na zahiri shi ne sukarin da ake antaya masa, da kuma tulin citta da kanumfari, waɗanda yawansu ba ya yi wa mai shan maganin tsinka jini na warfarin kyau. Na gida, mai sukari kaɗan, ya fi wanda aka daskarar a gora ake talla nesa ba kusa ba. Lemon kwalba kuwa ba shi da abin da zai kare kansa da shi, tunda kwalbar 35cl tana iya ɗaukar sukarin da ya kai cokalin shayi 8 ko 9, kuma ƙiba da ciwon suga suna cikin abubuwan da ke ƙara wa wannan ciwo ƙarfi.

Kunu ya cancanci a tsaya a kansa, domin ba duka ne ɗaya ba. Koko da kunun tsamiya da kunun gyaɗa abinci ne mai kyau idan an rage sukari, kuma gero da gyaɗa suna da magnesiyam. Kunun kanwa dabam yake. Mutane da yawa ba sa lissafa kanwa a cikin gishiri saboda ɗanɗanonta ba irin nasa ba ne, amma mafi yawan abin da ke cikinta sinadarai ne masu ɗauke da sodiyam, kuma jiki yana riƙe ruwa saboda ita kamar yadda yake yi saboda gishirin miya. Tun a shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, cikinsu har da Davidson da Parry, suka danganta yawan raunin zuciya a tsakanin masu jego da kunun kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya a gadon wuta. Binciken da ya biyo baya a Kano ya nuna cewa akwai wasu dalilan, kamar rashin abinci mai gina jiki, amma nauyin sodiyam ɗin yana nan yadda yake. Duk wanda ya tsaya kusa da murhu ya ga yadda ake jiƙa jar kanwa a ɗan kwano, a tace ruwanta a zuba a miyar kuka, a sake zuba wani a tukunyar wake don ya yi saurin nuna, da safe kuma a kwaɓa ɗanwake da ita, zai gane cewa mai gida zai iya rantsewa ya daina cin gishiri alhali kanwa tana shiga cikinsa sau uku a yini. Ruwan toka, wanda wasu gidaje ke amfani da shi a madadinta, akasinta ne, domin shi fotasiyam ne ya yi yawa a cikinsa. Hakan bai mayar da shi mafita ga kowa ba, tunda mai ciwon ƙoda da mai shan Aldactone ko lisinopril, magungunan zuciya da hawan jini, jikinsu yana riƙe fotasiyam, kuma yawansa a jini yana iya tsayar da zuciya kamar yadda ƙarancinsa ke rikita ta.

Fura da nono abinci ne da abin sha a lokaci guda, kuma ba ni da abin da zan ce a kansu illa tsafta da sukari. Nonon da ba a tafasa ba, ko furar da aka dama da ruwan da ba a san asalinsa ba, suna iya kawo gudawa, gudawar kuma ita ce ke jan mutum zuwa kemis ya sayi Flagyl da kansa. Flagyl da Septrin suna ƙara ƙarfin warfarin ƙwarai, har jini ya riƙa zuba daga dasashi ko ya fito a fitsari. Haka ma ibuprofen da diclofenac na ciwon jiki, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da aka haɗa a cikinsu ba, suna iya ƙara haɗarin zubar jini.

Batun shayi da goro ya sauya daga yadda aka san shi a da. An daɗe ana hana masu wannan ciwo duk abin da ke da kafeyin, sinadarin da ke wartsakar da mutum a shayi da goro, amma wani gwaji da aka wallafa a 2025 a kan mutum 200 ya nuna cewa waɗanda suka ci gaba da shan gahawa ɗan daidai ba su fi waɗanda suka daina samun dawowar ciwon ba, hasali ma nasu ya fi ƙaranci. Don haka kofin shayi guda da safe a teburin mai shayi, ko ɓarin goro bayan azahar, ba abin tayar da hankali ba ne ga wanda jikinsa ya saba, sai dai idan shi da kansa ya lura yana tayar masa da bugun. Lemon ƙara kuzari ne ba na yi wa sassauci. Gwangwanin 250ml yana da kafeyin kimanin miligiram 80, ga sukari ga wasu sinadarai masu zaburarwa, kuma yadda ake shansa ne ya fi muni: matuƙin Keke Napep a bakin kasuwar Wunti da tsakar rana, bai karya ba, bai yi barcin kirki ba, gumi ya jiƙe masa riga, ya ɗaga gora mai sanyi ya shanye a tashi ɗaya, bayan awa biyu ya sake sayen wata. Ga waɗanda ke shan barasa ko burkutu kuwa hujjar a fili take, domin a wani gwaji na 2020 a Ostareliya ciwon ya dawo wa kashi 53 cikin 100 na waɗanda suka daina sha, yayin da ya dawo wa kashi 73 na waɗanda suka ci gaba.

A fannin abinci, zaɓin da ya fi rikitar da mutane shi ne na ganye, kuma amsarsa ta rataya ne a kan irin maganin tsinka jinin da ake sha. Warfarin yana aiki ne ta hanyar dakushe bitamin K, wanda hanta ke amfani da shi wajen haɗa abubuwan da ke daskarar da jini, kuma bitamin K yana da yawa a koren ganye irin su zogale, alayyahu, rama, yakuwa, lalo da kuka. Daga nan ne wasu ke yanke hukuncin barin ganye gaba ɗaya, wanda kuskure ne, domin abin da ake nema shi ne adadin ya tsaya daram daga mako zuwa mako, a daidaita maganin a kansa. Wanda ya saba da miyar kuka kowane dare ya ci gaba da abinsa. Matsala tana zuwa ne idan damina ta faɗi, rama da zogale suka cika kasuwar Muda Lawal da araha, gidan da ya yi rani yana cin busasshiyar kuɓewa ya koma kwaɗo safe da yamma, ko kuma wani ya ba mara lafiya garin zogale ya ce ya riƙa shan cokali biyu kullum. A nan ƙarfin maganin yana raguwa, haɗarin gudan jini ya dawo. Idan kuma zazzaɓi ya hana mutum cin abinci na kwanaki, ƙarfin maganin ya hau, haɗarin zubar jini ya ƙaru. Gwajin INR, mai auna saurin daskarewar jini, shi ne ke nuna inda aka tsaya, kuma ga akasarin masu AF ana son ya kasance tsakanin 2 da 3.

Sababbin magungunan tsinka jini, irin su Xarelto da Eliquis, ba ruwansu da bitamin K, ba sa kuma buƙatar gwajin INR, abin da ke da daɗin ji ga wanda sai ya taso daga Ningi ko Toro kafin a ɗebi jininsa. Sai dai sun fi warfarin tsada sosai, kuma ƙarfinsu yana gushewa cikin kusan yini guda idan aka tsallake, don haka wanda kuɗin maganinsa ke ƙarewa a tsakiyar wata yana zaune ne babu kariya. Xarelto mai miligiram 15 ko 20 sai an sha shi tare da abinci kafin jiki ya karɓe shi yadda ya kamata. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ba su dace da mai bawul ɗin ƙarfe ba, kuma wani babban gwaji na 2022 a kan marasa lafiya sama da 4,500 a ƙasashe 24 ya nuna cewa ga waɗanda ciwon maƙogwaron yarinta ya lalata wa bawul, mace-mace sun fi ƙaranci a tsakanin masu shan warfarin. Saboda haka 'yancin cin kwaɗo babu lissafi bai isa dalilin matsa wa likita ya sauya magani ba.

Wajen ɗanɗanon miya, dunƙulen magi kusan rabin nauyinsa ko fiye gishiri ne, kuma tukunya guda takan ci uku ko huɗu bayan gishirin da aka riga aka zuba. Daddawar kalwa wadda ba a cuɗa ta da gishiri ba, tare da albasa da tattasai da ɗanyen kifi, tana ba da ɗanɗano ba tare da wannan nauyin ba. Yajin tsire da kilishi, kifin gwangwani, taliyar leda mai ƙunshin sinadari, har da burodi, duk suna ɓoye gishiri. Akwai gishirin kanti da aka maye wani kasonsa da fotasiyam, wanda wani gwaji na 2021 a kan mutum kusan 21,000 a ƙasar Sin ya nuna ya rage shanyewar ɓarin jiki da kashi 14 cikin 100, amma an cire masu tsananin ciwon ƙoda da masu shan maganin da ke riƙe fotasiyam daga gwajin, don haka hukuncinsa irin na ruwan toka ne. Ayaba, dankalin Hausa, wake, lemu, tumatir da dabino ma haka suke rabuwa, abin nema ne ga mai shan Lasix kaɗai, abin taka-tsantsan ne ga mai shan Aldactone.

Azumi yana tattara duka waɗannan a wuri guda, musamman a shekarun da yake faɗowa cikin zafi, inda ake yin awa 13 zuwa 14 babu ruwa. Masu ƙarfin zuciya da bugunsu ya daidaita da magani da yawa suna azumi lafiya, matuƙar sun rarraba ruwansu tsakanin magariba da sahur maimakon su cika ciki da zoɓo mai ƙanƙara da ƙosai da tuwo cikin rabin awa, domin cikewar ciki farat ɗaya tana tayar wa wasu da bugun. Ganye kuma yakan ragu a abincin mutane cikin watan, abin da ke iya motsa INR ɗin mai shan warfarin, don haka yana da kyau a yi gwajin kafin watan ya kama, a sake yi a cikin makonni biyun farko. Lokacin shan Lasix da magungunan da ake sha sau biyu a yini likita ne zai tsara shi tun a Sha'aban. Wanda zuciyarsa ta yi rauni sosai, ko bai daɗe da fitowa daga asibiti ba, aya ta 184 da ta 185 a Suratul Baƙara sun yi wa mara lafiya rangwame, kuma malaminsa zai fi iya yi masa bayanin ramuwa ko ciyarwa idan ya je masa da abin da likita ya faɗa. Mai azumin da ya ji jiri har yana neman faɗuwa, ko ciwon ƙirji, ko bugu mai sauri da ya ƙi lafawa, ya sha ruwa ya nufi asibiti. Idan kuwa baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, kada a ba shi komai ta baki, domin haɗiya takan lalace a wannan hali, a ɗauke shi zuwa sashen gaggawa nan take tare da ledar magungunansa.